Wata uku da manhajar karin maganar Turanci

Wata abokiyar aikina ce sanadin da na sauke manhajar nan. Ana gobe zan gabatar da jawabi ta rubuto min "break a leg". Na yi ta juya saƙon ina cewa me na tsare wa baiwar Allah nan da take min fatan karaya? Ashe fatan nasara ce, 'yan wasan dandamali ne suka saba faɗa wa junansu kafin su fito gaban jama'a. A daren nan na nemi manhajar.

Kowace safiya tana turo karin magana ɗaya da ma'anarsa, da misali biyu, da muryar da ke karantawa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take raba Turancin Ingila da na Amurka. Wajen fatan kauce wa rashin sa'a, Ba'ingile zai ce "touch wood", Ba'amurke ya ce "knock on wood". Ƙaramar rigimar da aka zuzuta kuwa, can Ingila "storm in a teacup" ce, a Amurka "tempest in a teapot". Ranar da ta kawo "a bird in the hand is worth two in the bush" sai da na yi dariya ni kaɗai. Ai ƙwai a baka ya fi kaza a akurki ne aka sauya masa riga.

To, ga inda ta kusa jefa ni a kunya. Ba ta faɗin inda magana ta dace da inda ba ta dace ba. "Kick the bucket" an rubuta ma'anarsa mutuwa, shi ke nan. Mahaifin wani da muke aiki tare ya rasu, na zauna rubuta ta'aziyya, ina jin kaina gwana, na saka shi. Allah ya rufa min asiri, kafin in tura na nuna wa waccan abokiyar tawa, ta dafe kai. Daidai yake da ka je gidan makoki ka ce tsohon ya sheƙa barzahu. Layi ɗaya na gargaɗi ya ishe su, amma babu.

Haka "raining cats and dogs", wato ruwan sama kamar da bakin ƙwarya: ta turo min shi sau biyu, alhali su masu harshen ba kasafai suke faɗinsa yanzu ba.

Ban goge ta ba. Amma duk wanda na koya, ba na sa shi a saƙo sai na ji shi a bakin wani tukuna, na ga wa ya faɗa wa, kuma fuskarsa a sake take ko a ɗaure.