Ɗan sa-kai a babbar jami'a ko rabin tallafi a ƙarama: abin dubawa kafin yaro ya sa hannu

Takardu uku Yayata ta baza mini a kan teburin cin abinci ranar da na je gidanta. Ɗanta, haifaffen nan Amurka, yana ajin ƙarshe na sakandare, kuma ya yi suna a garinsu wajen ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita ana karo da juna. Takarda ta farko daga wata babbar jami'a ce da ake nuna wasanta a talabijin duk Asabar, takarda mai kauri da tambari mai ƙyalli da sa hannun koci. Sau biyu na karanta ta ina neman alamar dala, ban gani ba. Ta biyu daga wata jami'a ce da ko sunanta ban taɓa ji ba, sun rubuta baro-baro cewa za su ɗauki rabin kuɗin makaranta. Ta uku kwalejin shekara biyu ce a wata jiha mai nisa.

"Kawu, ai babbar nan tana so na," in ji yaron, yatsansa a kan tambarin. Na ce, "Na ga suna son ka. Nawa suka ce za su biya?" Ya yi shiru. Uwar ta dube ni ta ce, "Ka ji ko? Tun shekaranjiya nake wannan tambayar."

Abin da babbar ta yi masa tayi shi ne matsayin da Amurkawa ke kira walk-on, mu ce ɗan sa-kai. Iri biyu ne. Akwai wanda ya shiga jami'a da kansa, ya je gwaji aka ɗauke shi. Akwai kuma na gayyata, wanda koci ya ware wa gurbi tun kafin ya zo, irin na ɗan Yayata ke nan. Dukkansu za a ba su riga da kwalkwali da akwatin ajiye kaya, za su tashi da asuba su ɗaga ƙarfe tare da kowa, su sha karo a filin atisaye. Amma kuɗin makaranta da na ɗaki da na littattafai daga aljihun iyaye zai fito. Kafin shekarar 2014 ma, ko abincin da ake dafa wa 'yan wasa ɗan sa-kai ba ya ci sai ya biya. A waccan shekarar ce hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'i, ta sassauta wannan doka.

Bari in faɗi matsayina tun yanzu. Duk yaron da koci ya amince ya sa shi cikin sha ɗayan farko ranar wasa ya cancanci a biya masa kuɗin makaranta, ba ni da ko ɗigon shakka. Filayen wasu jami'o'in, irin su Michigan da Penn State da Ohio State, suna cin mutum sama da 100,000, kowa da tikitinsa, ga kuma kuɗin talabijin. A takarda dokar NCAA ta ce awa 20 a mako, amma in ka haɗa da tafiye-tafiye da jinyar rauni da kallon bidiyon abokan hamayya, ba sauran lokacin da yaro zai yi ɗan aikin da zai rage wa iyayensa nauyi. A ce wanda ke zaman benci ana biya masa komai, wanda ke cikin fili kuma uwarsa na cin bashi, wannan zalunci ne ko da doka ta halatta shi.

Sai dai babu dokar da ta tilasta wa koci ya ba shi. Dubi Baker Mayfield. A 2013 ya shiga Texas Tech a matsayin ɗan sa-kai, shi ne ya fara wasan farko na kakar a matsayin kwatabak, wato mai jifa kuma jagoran hari, har aka zaɓe shi gwarzon sabbin 'yan wasan hari na rukunin jami'o'in Big 12. Kakar ta ƙare ba shi da tallafi, wato sikolashif. Ya tattara ya koma Oklahoma, nan ma a ɗan sa-kai, ya zauna shekara guda bai buga ba saboda dokar canjin makaranta ta wancan lokacin. A 2017 ya ci kyautar Heisman, mafi girma a ƙwallon jami'a, a 2018 kuma Cleveland Browns suka ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararru. Masu tallar zaman sa-kai ƙarshen labarin suke so ka ji. Ni farkonsa ya fi tsaya mini a rai: in mai irin wannan baiwa zai yi kaka guda yana jan ƙungiya ba a ba shi ko sisi ba, ina ga ɗanka da nawa?

Dalilin a fili yake. Shekara da shekaru manyan jami'o'i, waɗanda ake kira FBS, tallafi 85 kacal aka yarda su bayar, kuma kowanne cikakke ne, ba a gutsura shi. A wurin koci tallafi tsaba ce da ake watsa wa tsuntsun da bai shigo hannu ba. Wanda ya riga ya shigo, yana buga wasa, iyayensa na biya, me zai sa a yi gaggawa a kansa? Duk watan Agusta za ka ga bidiyo na yawo a intanet: koci ya tara 'yan wasa, ya kira sunan wani ɗan sa-kai, ya ce daga yau an ɗauke maka kuɗin makaranta, abokansa su yi ca a kansa suna ihu, shi kuma ya kira uwarsa a waya yana kuka. Ni ma idona yakan ciko. Amma sau da yawa shekara biyu ko uku sun riga sun wuce, kuɗin da aka biya a baya ba ya dawowa, kuma akwai wasu a ɗakin nan suna tafi waɗanda ba za a taɓa kiran sunansu ba.

A watan Yunin 2025 lissafin ya sake. Mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wadda 'yan wasa suka kai ƙarar NCAA, aka soke iyakar 85 ga jami'o'in da suka shiga tsarin, aka maye gurbinta da iyakar 'yan wasa 105 a ƙungiya. An kuma yarda jami'a ta raba wa 'yan wasanta kuɗi kai tsaye, kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko, a dukkan wasanni. Yanzu jami'a na iya ba duka 105 tallafi in ta ga dama, don haka tsohon uzurin "doka ce ta ɗaure mini hannu" ya yi rauni. To amma iyawa aka ce, ba dole ba. Kuma ƙungiyoyin da a da suke ɗaukar mutum 120 ko fiye, irin su Nebraska da ta shahara da 'yan sa-kai tun zamanin koci Tom Osborne har ta kan kai kusan 150, dole su rage. An yi wa waɗanda suke ciki a lokacin sassauci, sabon shiga kuwa babu. In za a rage, da wa kake jin za a fara?

Sai takarda ta biyu, wadda yaron ya ture gefe. A matakin FCS, ƙasa kaɗan da manyan, tsarin da aka daɗe a kai shi ne tallafi 63 da ake iya gutsurawa a raba wa mutum da yawa. A mataki na biyu na NCAA 36 ne, a ƙungiyar NAIA kuma 24. Shi ya sa za ka ga an ba wannan rabi, wancan kwata. Kada rabin ya ba ka kunya. Da yawa daga waɗannan makarantun suna yarda a ɗora tallafin ƙwazon karatu a kan na wasa, sai ka ga abin da ya rage wa iyaye bai taka kara ya karya ba. Abin dubawa shi ne adadin da zai fita daga aljihunka a ƙarshen shekara, domin rabin tallafi a makaranta mai tsada yana iya fin cikakken kuɗin jami'ar jiharku nauyi. A 'yan shekarun nan matsakaicin kuɗin karatu zalla a jami'ar gwamnati ga ɗan jiha bai kai dala 12,000 ba, ga wanda ya zo daga wata jiha ko wata ƙasa kuwa ya kai 30,000, jami'a mai zaman kanta ta haura 40,000. Ɗaki da abinci ba sa ciki.

Abin da ya ƙara wa wannan hanya daraja shi ne sauƙin canjin makaranta. Tun 2021 ɗan wasa yana iya komawa wata jami'a ya ci gaba da bugawa ba tare da zaman shekarar da Mayfield ya yi ba. Manyan kociyoyi yanzu sun fi son wanda suka gani yana wasa na gaske a ƙaramar makaranta fiye da wanda ya yi shekara biyu yana kwaikwayon abokan hamayya a filin atisaye. Cam Ward a Incarnate Word ya fara, wata jami'ar FCS a San Antonio, daga nan Washington State, daga nan Miami, a 2025 kuma Tennessee Titans suka ɗauke shi na ɗaya a zaɓen NFL. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, balle ma a yanzu da ƙwan kan ƙyanƙyashe.

Mataki na uku na NCAA da jami'o'in Ivy League, rukunin su Harvard, ba sa ba da tallafin wasa ko kaɗan. Amma Harvard da Yale da Princeton suna duba ƙarfin aljihun iyaye su rage kuɗi, har ga baƙi 'yan ƙasashen waje. Yaro mai ƙoƙarin karatu kada ya tsallake su.

Kwalejin shekara biyu kuwa tana da arha, kuma ta fitar da manya: Aaron Rodgers daga Butte, Josh Allen daga Reedley, Cam Newton daga Blinn. Stetson Bennett ya shiga jami'ar Jojiya a ɗan sa-kai a 2017, ya ga hanya a toshe, ya tafi kwalejin Jones a Misisipi, ya dawo da tallafi a hannu, ya kuma ci wa Jojiya kofin ƙasa sau biyu a jere, kakar 2021 da ta 2022. A lura dai, kwalejojin Kalifoniya ba sa ba da tallafin wasa, kuma dole a tabbatar darussan da yaro zai ɗauka za a karɓe su a jami'ar da yake hari. Kwalejin shekara biyu ta fi dacewa da wanda sakamakonsa na sakandare bai kai ba, ko wanda jikinsa bai gama cika ba.

Ba na cewa zaman sa-kai haramun ne. J.J. Watt yana da tallafi a Central Michigan ya ajiye, ya yi aikin kai wa mutane fiza gida-gida, ya shiga Wisconsin a ɗan sa-kai, ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan tsaron zamaninsa. Hunter Renfrow ɗan sa-kai ne a Clemson kafin ya cafke ƙwallon da ta kayar da Alabama saura daƙiƙa ɗaya a Janairun 2017. Har kyauta ake ba gwarzon irinsu tun 2010, mai sunan Brandon Burlsworth na Arkansas. Hanyar tana da kyau in jami'ar ta jiharku ce, in gidan zai iya biyan shekara huɗu ba tare da bashin da zai hana barci ba, in kuma yaron zai so ya ci gaba da karatu a can ko da gwiwarsa ta tashi aiki a watan farko. Masu bugun ƙwallo da ƙafa sukan fara ta wannan hanya, a wurinsu abu ne da aka saba. Amma a tuna, cikin 'yan ƙwallon jami'a ƙasa da 2 cikin 100 ne ke kai wa NFL. Digirin shi ne abin da ake saye.

Ga wanda yake gida Afirka lissafin ya fi tsauri. Tun da NFL ta yi sansanin neman matasa a Akara a 2022, ta kuma yi a Legas a 2024, samari da yawa sun fara mafarkin wannan wasa, kuma sunan Ezekiel Ansah na bakin kowa. Gaskiya ne ɗan Gana ne, ya shiga ƙungiyar jami'ar BYU a ɗan sa-kai a 2010 bai taɓa buga wasan ba, Detroit Lions suka ɗauke shi na biyar a 2013. Sai dai da tallafin karatu ya zo Amurka tun 2008, wato ba ƙwallo ce ta biya masa hanya ba. Baƙo sai ya nuna shaidar kuɗin shekara kafin makaranta ta ba shi takardar I-20 ta neman bizar ɗalibi, kuɗin ɗan wata jiha zai biya, kuma bizar ɗalibi ta F-1 ta takure shi wajen karɓar kuɗin talla da abokan wasansa ke samu tun Yulin 2021. Duk dillalin da ya karɓi kuɗinka ya kawo maka takardar gayyatar sa-kai yana kiranta sikolashif, romon baka ya sayar maka. Rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA da tura sakamakon sakandare abu ne da yaro zai iya yi da kansa.

Daren nan muka zauna da yaron muka rubuta tambayoyin da zai yi wa kocin babbar jami'ar. Gurbin nan yana cikin 105 ɗin, ko sai an ga yadda ta yiwu bayan atisayen Agusta? 'Yan sa-kai nawa aka ba tallafi a shekara uku da suka wuce, kuma a shekararsu ta nawa? In an bayar, na zango ɗaya ne ko har ya gama? Wa zai biya kuɗin tiyata in ya ji rauni? Wannan ta ƙarshe uwar ce ta ƙara da hannunta. Ga ƙaramar jami'ar kuma tambaya ɗaya ce babba: a rubuto mana yarjejeniyar tallafin daga ofishin kuɗi, da adadi, da tsawon lokaci. Tun Oktoban 2024 da aka soke tsohuwar takardar alkawari ta ƙasa, wannan yarjejeniyar ce abin riƙewa. Abin da koci ya faɗa a falo ba ya bin yaro in kocin ya samu aiki a wani wuri.

Mataimakin kocin babbar ya amsa wayar da fara'a. A kan tambaya ta biyu ya ce, "Muna kula da yaranmu." Yaron ya sake tambaya, ya ce nawa ne adadin. Sai aka ce za a duba a kira shi. Kwana goma ba kira. Ƙaramar kuwa washegari ta turo takarda mai shafi biyu, da adadi, da ƙarin tallafin ƙwazon karatu da ba mu ma san ya cancanta ba.

Ranar da zai sa hannu ya ɗauki takardar mai tambarin nan ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙa wa uwarsa ya ce, "Umma, ki ajiye mini wannan." Ta sa ta cikin jakar da take ajiye takardun haihuwarsu, ta miƙa masa biro.