Ɗan gilashin hannu mai ƙara girma sau 10

Wata uku ke nan ina duba ƙananan lemar kwaɗi na jinsin Mycena da wannan gilashin, irin waɗanda hularsu sau da yawa ba ta wuce faɗin farce ba. Da shi na fara ganin yadda siraran shafukan ƙarƙashin hula ke manne da kara, abin da ake lura da shi wajen rarrabe su. Ranar da na karya karan Mycena haematopus na ga jan ruwa ya ɗigo kamar jini, wallahi sai da na yi kabbara. Fitilar gilashin tana taimakawa a inuwar ruɓaɓɓen kututture, sai dai batirin ba ya jimawa. Ƙwayoyin iri kam sun fi ƙarfinsa, sai da madubin likita.