Shagon tikitin TKTS na Times Square ya yi wallahi

Jama'a duk wanda Allah ya kai shi New York kuma yana son kallon wasan Broadway, wato wasan kwaikwayo da na waƙa da ake yi kai tsaye a kan dandamali a manyan gidajen wasan birnin, kar ya yi saurin siyan tikiti a intanet, ya fara leƙa TKTS tukuna. Yana nan ƙarƙashin jan matakalan nan na Times Square, wajen titi na 47, tun 1973 suke wannan aikin. Tikitin wasan ranar suke siyarwa da ragi, wani har rabin kuɗi, kuma wasannin da ke akwai duk suna kan allo kana gani kafin ka kai gaban taga.

Ni abin da ya fi burge ni ma'aikatan ne, na ce musu ina son wasan waƙa da rawa wanda zan iya shiga da yara ba tare da jin kunya ba, suka tsaya suka min bayani tsaf, kujerar da muka samu ma kusa da dandamali ce, har gumin 'yan wasan kana gani.

Layi dai akwai shi, in lokacin sanyi ne ka sa rigar sanyi mai kauri sosai. Kuma ka je da sunan wasa biyu ko uku a ranka, don manyan da ake rububi ba kullum suke fitowa a allon ba.