Manhajar Hasashen Igiyar Teku: Wacce Ta Cancanci Kuɗinka?

Wanda sana'arsa ke bakin teku a Legas, Kwatano, Lome ko Akra ya san abin nan: gari garau, ba iska ba hadari, amma ruwa ya yi toroƙo ya kwashe rumfuna. Kafin ka biya kuɗin wata manhaja, ya kamata ka san daga ina wannan ruwan ke tasowa, don da shi za ka auna kayan da ake tallata maka.

Manyan igiyoyin da ke dukan gaɓar Mashigin Gini ba a nan ake haifarsu ba. Can kudancin Atlantika ne, inda iskar yamma ke kewaya Antatika ba tsayawa. Wannan ɗamarar iska takan matso arewa, takan ja kudu, masana suna kiran wannan kai-komo SAM, kuma shi ke sauya ƙarfin igiyar da kusurwar da take iso mana. Lokacin sanyin can kudu ya yi daidai da daminarmu, shi ya sa teku ya fi hauka daga Yuni zuwa Satumba. Mutumin Dakar ko Kasablanka kuwa lissafinsa daban: nasa ruwan galibi daga arewa yake zuwa, lokacin hunturun Turai.

Igiyar da ke da tazarar sakan 15 tsakaninta da mai bi mata tana cin kusan kilomita 1,000 a rana. Ke nan guguwar da ta tashi a nisan kilomita 5,000 sai ta yi kwana biyar kafin saƙonta ya iso. Wannan jinkirin shi ne jarin duk masu hasashe. Don haka abin da za ka fara dubawa a manhaja shi ne: tana raba igiyar nesa da ta iskar gida? Tana nuna tazara? Mita ɗaya da rabi mai sakan 15 ta fi mita biyu mai sakan 6 ɓarna a gaɓa, nesa ba kusa ba. Manhajar da ke ba ka tsayi kaɗai, rabin labari ta ba ka.

Windy ce zan fara ba kowa. Ta ƙasar Cek ce, kyauta, kuma tana barinka ka kwatanta lissafin cibiyar Turai ta ECMWF da na hukumar NOAA ta Amurka a taswira ɗaya. In sun yi baki ɗaya, ka yarda; in sun saɓa, ka ɗauki mafi muni. Aibinta shan data, kuma launukan kan rikita sabon shiga. Tsarinta na kuɗi yana ƙara sabuntawa da hasashen awa-awa, abin da mai gasa nama a bakin ruwa ba ya buƙata.

Windguru jadawalin lambobi ne zalla, ba ado. Ga mai ƙaramar waya da ƙarancin data, ni na fi son ta a kan Windy, muddin wani ya zauna ya nuna masa layin tsayi da na tazara sau ɗaya.

Surfline, wadda ta haɗiye manhajar Magicseaweed a 2023, don masu wasan sulu a kan igiya aka yi ta, kuma kyamarorin da ake biya dominsu galibi a Amurka, Turai da Ostireliya suke. Ka wuce ta. PredictWind ta Niyuzilan kuwa ta masu doguwar tafiya ce cikin teku. Mai jirgin da ke kwana a ruwa ne kaɗai zai mori kuɗinsa. Akwai kuma Copernicus na Tarayyar Turai, kyauta bayan rajista, amma ya fi dacewa da injiniya ko ɗalibi mai kwamfuta.

Abu biyu ne duk cikinsu ba mai yi maka da kyau. Na farko, hadarin nan mai tasowa farat ɗaya daga gabas a farkon damina da ƙarshenta. Nan sai ka haɗa da sanarwar hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ko GMet in a Gana kake, da kuma idon tsofaffin masunta. Na biyu, lambar tsayin da kake gani matsakaicin manyan igiyoyi ne, ɗaya daga cikinsu na iya kusan ninka ta.

Kada kuma a ruɗe ka da alkawarin hasashen mako biyu. Bayan kwana biyar zuwa bakwai lissafin ya fara zama cinta. Abin da za ka ƙara da kanka ba ya cin ko kwabo: lissafin wata. Tumbatsar teku ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. In ka ga igiya mai sakan 14 ko fiye za ta iso a waɗannan ranaku, cikin Yuli ko Agusta, ja kwalekwale sama, kwashe kaya daga rumfa tun jajibiri.