Komin Rubbermaid mai galan 100 a ɗakin tace ruwan tankin murjani: inda ya biya da inda ya gaza

Duk wanda ya ware ɗaki guda domin kayan tace ruwan tankin kifinsa na ruwan gishiri, ko a bayan bango ne ko a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, abin da zai fara cin karo da shi shi ne zaɓen tankin ƙasa, wato wanda ruwa ke gangarowa cikinsa a tace shi kafin inji ya mayar da shi sama. Masu kiwon murjani da yawa sun daɗe da barin gilashi da akirilik a wannan wuri, sun koma ga komin shayar da dabbobi na kamfanin Rubbermaid. Baƙi ne, na robar foliyetilin mai kauri, zubi ɗaya ba ɗinki. Ana yin sa a galan 50, 70, 100, 150 da 300. Mai galan 100 shi ne abin dubawa a nan: yana cin kusan lita 380, tsawonsa wajen santimita 135, faɗinsa 79, zurfinsa 63.

Hukuncinmu tun farko: kaya ne mai kyau ƙwarai ga wannan aiki, muddin an ɗauke shi a matsayin ma'ajin ruwa. Wanda ya dage sai ya mai da shi tanki mai ɗaki-ɗaki irin na ƙarƙashin kabad zai sha wahala a banza.

Ƙarfinsa ba abin musu ba ne. Ba ya tsagewa idan dutse ya suɓuce ya faɗa ciki, gishiri ba ya cin sa, kuma mutum biyu za su shigar da shi ta ƙofa a karkace ba tare da fargaba ba. Huda shi ma ba wuya, zarton huda mai zagaye ya isa. A kula dai, akwai komin dabbobi na ƙarfe mai rufin zinki da ake sayarwa kusa da shi. Wannan guba ne ga murjani da jatan lande, kada ma a fara.

Babban amfaninsa shi ne fili. A ɗauki tankin falo, wato wanda kifi da murjani ke ciki, mai tsawon santimita 150, faɗi 60, tsayi 60, wato lita 540. Kowace santimita ɗaya ta saman ruwansa lita 9 ce. Idan aka ɗauke wuta, inji ya tsaya, ruwa zai ci gaba da gangarowa har sai ya sauka ƙasa da haƙoran magudana da bakin bututun da ke mayar da ruwa. A ce ya sauka santimita 4, lita 36 ke nan. Sai a ƙara abin da ke cikin bututai, wanda mutane kan manta da shi idan ɗakin yana da nisa: bututun PVC na inci ɗaya da rabi yana riƙe kusan lita 1.3 a kowace mita, na inci ɗaya kuma fiye da rabin lita kaɗan. Layuka uku ko huɗu masu mita shida-shida za su ƙara lita goma zuwa ashirin. Jimilla kusan lita hamsin za su zubo cikin 'yan mintuna. Ƙaramin tankin kabad da ƙyar zai ɗauke wannan. Komin kuwa, idan ana tafiyar da shi a kashi biyu cikin uku na cikarsa, yana da sarari fiye da lita ɗari a sama. Duk da haka lissafi ba ya maye gurbin gwaji. A kashe komai da gangan, a jira ruwa ya gama sauka, a sa alama da fenti ko tef a inda ya tsaya, sannan a sa wata alamar a iyakar da ba za a taɓa cika shi ya wuce ba.

Kada a dogara da bawul mai hana ruwa komawa baya. Ƙananan tsutsotsi masu ɓawo da ƙullutun alli suna tsiro a cikinsa, ranar da ake bukatarsa sai a tarar bai rufe ba. Ramin da ake hudawa a bututun mayarwa don ya katse zuƙo, wato jan ruwa da baya idan inji ya tsaya, shi ma gishiri ko gansakuka ko dodon koɗi na iya toshe shi. Abin da ya fi tabbas shi ne a ajiye bakin bututun kusa da saman ruwa, a kuma bar sararin da zai ɗauke mafi munin abin da zai iya zubowa.

Yanzu ga inda ya gaza. Silikon, mannen da ake haɗa gilashi da shi, ba ya kama foliyetilin. Zai yi kamar ya kama, bayan wani lokaci a ɓare shi da yatsa. Ga shi bangon komin a lanƙwashe yake, ya buɗe ta sama ya tsuke ta ƙasa, da tudu-tudu a jikinsa. Saboda haka maganar manna allunan raba ɗaki a ciki ba ta taso ba. Rashin waɗannan alluna yana jawo matsala biyu. Ta farko, na'urar kumfa mai cire datti daga ruwa, wadda ake kira sikima, tana son zurfin ruwa tsayayye, yawanci kusan santimita 18 zuwa 23 gwargwadon abin da mai ƙera ta ya rubuta. Ruwa ya hau kaɗan ta yi ambaliya ta mayar da dattin kofinta cikin ruwa, ya sauka kaɗan ta daina kawo komai. Ta biyu, ƙananan kumfa daga magudana suna ratsawa kai tsaye zuwa injin mayarwa, su fito a tankin falo ruwa ya yi hazo.

Maganin duka biyun ɗaya ne, kuma shi ya sa ɗaki na musamman ya fi kabad. A ɗora ƙaramin tankin gilashi a kan kanta sama da komin, magudana ta fara zuba a cikinsa. A nan safar tacewa ko na'urar naɗin tacewa za ta zauna, sikima ma a nan, kuma ramin da aka huda a gefensa shi ke tsayar da zurfin ruwan daidai ko da yaushe. Daga nan ruwa ya gangara komin a ƙarshe ɗaya, inji ya ja daga ɗaya ƙarshen. Tafiyar fiye da mita guda ta isa kumfa su taso su fashe. Wanda ba shi da wurin tanki na biyu zai iya haɗa wa sikima ɗan teburi na bututun PVC da farantin roba mai raga a cikin komin, amma dole na'urar cike gurbin ruwan da ya tafi da tururi ta zama mai aiki sosai. Wannan hanya ta biyu tana tafiya, sai dai duk ranar da aka kashe injin mayarwa aka bar sikima a kunne, kofinta zai cika ya tumbatsa. A haɗa su a makunni ɗaya, ko a sa wa sikima jinkirin 'yan mintuna bayan wuta ta dawo.

Komin yana zuwa da mafitar ruwa a ƙasa mai toshiya. Don zubar da ruwan dabbobi aka yi ta, kuma masu tankin gishiri sun daɗe suna ƙorafin tsiyayarta idan aka ɗaura mata nauyin bututu da girgizar inji. Ya fi kyau a bar ta a toshe, ko a cire ta a sa mahaɗin bango mai kauri. Ga sabon rami a lanƙwasasshen wuri, zoben roba na Uniseal ya fi mahaɗi mai goro, domin goro yana son shimfiɗaɗɗen bango. Bututun inci ɗaya yana son ramin inci 1.75, na inci ɗaya da rabi ramin 2.5, na inci biyu ramin inci 3. A goge bakin ramin ya yi sumul, a fere bakin bututun ya ɗan yi tsini, a shafa ruwan sabulu, a tura da ƙarfi. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin zarto ya yi rawa ramin ya faɗaɗa, ko huda a kan tudun bangon. Sannan bututun da ya fito daga Uniseal sai an tallafe shi, in ba haka ba nauyinsa zai karkata zoben ya fara ɗiga.

Cike da ruwan gishiri nauyinsa ya kusa kilo 400, don haka gindinsa duka ya zauna a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Ɗora shi a kan bulo huɗu a bar tsakiya a rataye ba daidai ba ne. Kanta mai katako mai kauri, tsayin santimita 30 zuwa 40, tana ba da damar zuƙe dattin gindi da tiyo zuwa magudanar daɓe ba tare da inji ba. Dattin kuwa zai taru, kuma da yake komin baƙi ne ba a ganin sa sai an haska tocila. Ƙaramin injin kaɗa ruwa a gindi yana rage taruwarsa. Hita kada ta jingina da roba. A rataye ta a kan mariƙi, a inda ruwa ba zai taɓa sauka ƙasa da ita ba.

Injin mayarwa shi ne wurin da ake yawan asarar kuɗi. Abin da aka rubuta a kwali shi ne ƙarfinsa idan ba ya hawa ko'ina. Daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa ruwa zai hau mita uku zuwa huɗu, ga gogayyar gwiwoyi da tsawon bututu, kuma inji mai yawan gudu amma marar matsi zai iya rasa rabin ƙarfinsa ko fiye a wannan tsayi. A duba jadawalin tsayi da gudu na injin, a nemi abin da zai bayar a ainihin tsayin gidan. Abin nema shi ne ninki uku zuwa biyar na ruwan tankin falo a awa, wato lita 1,600 zuwa 2,700 ga mai lita 540. Bututu ya fi bakin injin faɗi da mataki ɗaya, a sa mahaɗi mai kwancewa da bawul a kowane gefe don a iya cire shi a wanke, da ɗan guntun tiyo mai laushi don kada girgiza ta bi bango ta shiga falo. Tagulla da jan ƙarfe ba su da gurbi ko'ina a layin.

Ta ɓangaren gangarowa, tsarin bututu uku da ake kira Bean Animal ya fi dacewa: ɗaya cikakken zuƙo mai bawul, ɗaya buɗaɗɗe mai ɗaukar ɗan ragowa, ɗaya busasshe na gaggawa. Doguwar tafiya a kwance ita ce abokiyar gabarsa, domin iska tana maƙalewa zuƙo ya ƙi kamawa bayan wuta ta dawo. A ba kowane layi gangara, a yi amfani da gwiwa mai digiri 45 maimakon 90, bakin bututun zuƙo kuma kada ya nutse fiye da santimita biyu zuwa uku. Bawul ya zama mai murɗawa a hankali, a ƙasa kusa da tanki. Wani abu da ba a cika tunawa ba: mai murɗa bawul yana ɗaki ɗaya, magudanar da yake daidaitawa tana wani ɗakin. Sai da mutum biyu, ko kyamarar waya a kan magudana.

Faɗin bakin komin ya kai kusan murabba'in mita ɗaya, kuma duk wannan fili tururi yake fitarwa dare da rana a zafin digiri 25 zuwa 26. A ɗaki rufaffe, danshi zai kwanta a bango da taga, fumfuna ta biyo baya, duk ƙarfen da ke ciki ya yi tsatsa. Murfin farantin roba mai rufe mafi yawan bakin yana rage tururi da asarar zafi sosai, musamman a ɗaki mai sanyi inda hita ke aiki ba hutawa. Fanka mai fitar da iska waje, wadda ma'aunin danshi ke kunnawa, ta fi zama dole a kan na'urar tsotse danshi, domin ita na'urar zafi take ƙara wa ɗaki. Iska mai tsabta tana da wani amfanin: iskar kabon da ta taru a rufaffen gida tana saukar da ma'aunin pH na ruwa, wato tana ƙara masa tsami, kuma jawo wa sikima iska daga waje da siririn tiyo yakan ɗaga shi.

Tururin nan ruwa zalla yake ɗauka, gishiri yana nan. A komin, saukar santimita ɗaya tana nufin lita shida ko fiye sun tafi, don haka ido ba ya lura da wuri. Na'urar cike gurbi da tataccen ruwa marar gishiri na matatar RO/DI ita ke riƙe gishiri a 35 cikin dubu, wato 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. A ba ta ma'aji mai iyaka, kada a haɗa ta kai tsaye da matatar, domin ranar da firikwensin ya maƙale za ta yi ta zuba ruwa har gishiri ya salance. Soket duka su hau bango sama da kan ruwa, kowace waya ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga soket, layin kuma ya bi ta na'urar katse wuta idan ta ɓalle. Hita da injin mayarwa kada su zauna a kan makatsi ɗaya da fitilu, don kada abu ɗaya ya faɗi ya tafi da komai.

Wanda ɗakinsa bai kai mita biyu a faɗi ba zai ga siffar ƙwai ta komin tana cinye kusurwoyi a banza, tankin gilashi mai kusurwa huɗu zai fi masa. Haka wanda ke son ganin cikin tankin ƙasansa daga gefe, ko mai son shuka ciyawar teku a wani ɓangare daban da haske a kai. Ga tankin falo na lita 400 zuwa 800 kuwa, mai galan 100 tare da ƙaramin tankin sikima a sama ya wadatar. Abin da ya haura haka, a nemi mai galan 150, a kuma auna ƙofar ɗakin kafin a saya, domin faɗinsa ya kusa mita guda.