Jitar Bes Ta Farko: Wacce Za Ka Saya, Wacce Za Ka Bar Wa Mai Shago

Mafi yawan masu koyon bes, wato jitar nan mai kaurin murya, da ido suke saye. Fenti mai ƙyalli, suna babba a kan jita, shi ke nan an miƙa kuɗi. Alhali abin da zai sa ka ci gaba ko ka jingine ta bayan ƙofa shi ne wuyanta da kuma wayoyin da ke cikinta.

A ajin masu farawa, wadda na fi yarda da ita ita ce Yamaha TRBX174. Tsirkiya huɗu ce, tsawon tsirkiyarta inci 34 kamar yadda aka saba, ƙarafan wuya 24, wato waɗanda aka gicciya a wuya inda ake danne tsirkiya. Tana da maɗaukan sauti, wato na'urorin da ke ɗaukar kaɗawar tsirkiya su kai wa amfilifaya, iri biyu: na tsakiya mai rabe biyu, irin wanda kamfanin Fender ya sa wa jitarsa Precision a 1957, da na kusa da gada (ƙarfen da ke riƙe tsirkiya a jikin jita) irin na Jazz Bass ɗinsa da ta fito a 1960. Na farko yana ba da murya mai kauri wadda ke zama daram ƙarƙashin ganga, na biyu yana ƙara kaifi idan kana so a ji kowane yatsa. Maɓallan murɗawa uku ne kacal: biyu na ƙarfin sauti, ɗaya na laushinsa. Babban abin kuma, ba ta cin batir. Duk jitar da ke da batir mai bolt 9 tana fara shan sa ne da zarar an soka waya, ko ana kaɗawa ko ba a yi. Ka manta wayar a jiki kwanaki, ranar biki sai sauti ya fara shaƙewa yana karkarwa, kowa ya juyo yana hararar mai amfilifaya, alhali laifin na cikin ɗan akwatin bayan jita ne. Ita kuwa Yamaha ɗin in ta lalace, duk mai gyaran rediyo da ke da dalma zai iya farfaɗo da ita.

Ibanez GSR200 wuyanta siriri ne, masu ƙananan hannu suna jin daɗinta, amma ga batir ɗin nan. Squier Affinity, ta reshen Fender mai ƙera jita masu rahusa, ba laifi, sai dai sau da yawa sai an saita ta kafin ta kaɗu. Mai tsirkiya biyar kuwa, bar ta tukuna: wanda bai iya danne huɗu su yi shiru ba, ta biyar gurnani kawai za ta ƙara masa. Waɗanda ake haɗawa da jaka da ɗan amfilifaya a farashi ɗaya, marasa sunan kamfani, ba sai mun ɓata lokaci a kansu ba.

Ko wacce ka ɗauka, gwada wuya kafin ciniki. Danne tsirkiya mafi kauri a ƙarfe na farko da na ƙarshe lokaci guda (a nemi yaron shago ya riƙe gefe ɗaya), ka duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe na takwas. Kamar milimita 0.3 ake so, wajen kaurin katin waya. In ta kwanta a kan ƙarfe, za ta riƙa zuza; in tazarar ta yi yawa, yatsunka za su gaji kafin minti goma. Duka biyun ana gyara su da sandar ƙarfen da ke cikin wuya, a murɗa da alanki rubu'in zagaye, a bari itace ya zauna, sannan a sake aunawa. Don haka ka sa mai shago ya murɗa ta a gabanka, hagu da dama. In bakin notin ya cinye, ko ta ƙi motsi, ajiye jitar ko da kyauta ce. Sannan ka ɗora gindinta kusa da ido ka hango wuyan kamar mai duban gorar rufi: lanƙwasa tana gyaruwa, amma wuyan da ya murɗe gefe guda babu alankin da zai dawo da shi. Wannan ya fi damun mu a Arewa. Jitar da ta zauna cikin raɓar Legas, ta iso Kano ko Zinder da hunturu, itacen zai tsuke, bakin ƙarafan ya leƙo waje yana yankar tafin hannu. Shafa hannunka gefen wuya daga sama har ƙasa ka ji.

Sai maganar jabu, wadda ta fi komai cin kuɗin mutane. Sunan Fender aka fi yi wa, domin shi kowa ya sani. Hanya ɗaya ita ce jitar da aka ƙera jabu tun daga masana'anta. Ɗaya kuma ta fi wayo: a samu Squier ta gaske, a goge sunan da sanfefa, a manna tambarin Fender, a shafa fanish. Duba kan jitar cikin hasken rana. In launin wurin tambarin ya bambanta da na bayan wuya, an taɓa shi. Duba farantin ƙarfen da ke haɗa wuya da jiki, wani lokaci sunan Squier na nan sun manta. Fender na Meziko da aka yi daga 2010 lambarsu tana farawa da MX, na Amurka da US, sai lambobi biyu na shekara. Kamfanin yana da wurin binciken lamba a shafinsa na intanet, amma lamba ma ana kwafa, don haka ka tabbata samfurin da ya fito shi ne wanda ke hannunka, har launi. Kuma duk wanda ya ce maka ga Fender ta Amurka a farashin Yamaha ta masu koyo, "gwanjo ce shi ya sa", ya riga ya faɗa maka amsa. Tsirkiya ma ba ta tsira ba. D'Addario suna sa wa ƙwallon ƙarshen kowace tsirkiya launi daban, masu jabu sun kwaikwayi hakan, sai dai tasu takan yi tsatsa da wuri kuma ba ta tsayawa a saiti. Nemi tsirkiya mai awon kauri 45 zuwa 105 daga dillalin da zai karɓa in ka dawo da ita.

Kada a soka bes a amfilifayar jita ta yau da kullum. Tsirkiyar E, wato mafi kauri, tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa, ƙaramar sifika ba ta jure wannan tunkuɗa da ƙarfi, sai ta yage. Don ɗaki, Fender Rumble 25 mai sifika inci 8 ya isa. In akwai mai ganga, ka nemi amfilifaya mai wat 100 zuwa sama. Na gwanjo daga Amurka kuma, karanta bayansa kafin ka kai shi soket: da yawa na bolt 120 ne, wutarmu kuwa 230 ce, sai da tiransifoma mai rage wuta.