Yaro mai sikila a sakandare: makaranta, malamin gida, ko jarrabawar waje?

Duk mai ɗa mai sikila ya san lissafin: sati uku garau, sati ɗaya a kwance. A firamare ana lallaɓawa, amma daga SS1 darasi ba ya jiran kowa. Kafin ka zuba kuɗin riɗin bana a karatunsa, fara sanin jarrabawar da zai rubuta, don ita za ta nuna maka inda za ka sa kuɗin.

Makarantar kwana dai, a ganina, a bar ta. Wankan ruwan sanyi da asuba cikin hunturu, sauro, ɗibar ruwa, ga shi ba uwa kusa idan ciwon ƙashi ya tashi da tsakar dare.

Ta jeka-ka-dawo kuwa kada ka yi saurin cire sunansa, ko da rabin zango yake zuwa. WAEC ta watan Mayu zuwa Yuni da NECO da ke biye mata, ta hannun makaranta ake yin rajistarsu, kuma makin gwaje-gwajen aji yana shiga ciki. Ka je wurin shugaban makaranta da katin asibiti a hannu, ku yi magana tun farkon shekara, ba sai an buga masa fashi ba. Matsalar ita ce nisa: tuƙa keke a rana tsaka yana busar da ruwan jiki, hakan kuma yana tayar da ciwon.

Malamin gida shi ne inda ake yawan asara. Ɗan bautar ƙasa yana da sauƙin kuɗi, amma shekara ɗaya ya tattara ya tafi. Ɗan gari mai NCE ya fi zama. Kada ka ɗauko malami don darussa tara. Manyan makarantu kiredit biyar suke nema, har da Turanci da Lissafi, to a nan za ka matsa. Ku kuma daidaita tun farko: ranar da yaro ya kwanta, za a rama darasin ko kuɗin ya tafi? Wannan ƴar maganar ta ɓata zumunci da yawa.

Idan zuwa makaranta ya gagara gaba ɗaya, akwai jarrabawar waje. NECO tana yin tata a ƙarshen shekara, WAEC kuma sau biyu, farkon shekara da ƙarshenta. Ba a neman makaranta, sai dai lambar NIN, kuma ɗan kimiyya a takarda yake amsa tambayoyin gwaji, ba a ɗakin gwaji ba. Sai dai tun 2024 WAEC ta fara yi wa ƴan waje da kwamfuta, don haka yaron da bai taɓa riƙe linzami ba sai an kai shi ya saba. Lokacin kuma yakan faɗo cikin sanyi, cibiyar na iya zama Kano ko Dutse, sai ka tanadi masauki da rigar sanyi. Yawancin makarantu suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, amma a karatun likita sau da yawa zama ɗaya ake so.

Manhajar karatu ta Nigeria Learning Passport, wadda gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta ce, amma caji ba kyauta ba ne. Inda sabis sai an hau tudu, littafin tsofaffin tambayoyi daga Kasuwar Sabon Gari ya fi ta amfani, don yaro zai iya buɗe shi ko a gadon asibiti.